Likita, shin barci ma yana cikin ibada?

Tambaya: Likita, ni matashi ne mai neman kusantar Ubangiji. Nakan kwanta wajen ƙarfe 12 na dare, in tashi ƙarfe 4 domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, amma sau da yawa gyangyaɗi ke kwashe ni ina durƙushe. Ko raunin bangaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, bangaskiyarka ba ta da laifi a nan, jikinka ne yake karɓar bashin barcin da yake bin ka. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare, kai kuwa awa 4 kake ba shi. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90. Barci mai nauyi da ke gyara jiki ya fi yawa a farkon dare, barcin mafarki kuma, wanda ke da hannu wajen daidaita tunani da halin zuciya, ya fi tsawo gab da asuba, wato daidai inda kake yankewa. Shi ya sa marar isasshen barci yake da saurin fushi da mantuwa, haƙuri da kamunkai kuma su yi masa nauyi, alhali su ne ake so a gani a rayuwar mai bi.

Zabura 127:2 ta kira sammako da raba dare cikin wahala aikin banza, ta kuma nuna barci a matsayin baiwar Allah ga ƙaunataccensa. Wanda ya kwanta ya yarda ke nan cewa shi halitta ne mai iyaka, kuma duniya ba za ta rushe ba don ya rufe ido. Ban ce ka daina tashin asuba ba, domin Yesu da kansa ya yi haka a Markus 1:35. Amma a ganina, horon kai na gaskiya yana wajen kwanciya ne: in za ka tashi ƙarfe 4, sai ka ajiye waya ka kwanta ƙarfe 9, ranar aiki da ranar hutu duka. Wannan ya fi jure ƙarar agogo wuya.

Tambaya: Ni dattijo ne a ikkilisiya, muna kuma kwana muna addu'a kowace Juma'a. Akwai illa?

Amsa: Baba, kwana guda jefi-jefi ba ya cutar da mai ƙoshin lafiya, kuma Luka 6:12 ta nuna Ubangijinmu ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi manzanni goma sha biyu. Haɗarin yana ga washegari. Mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa a kan tuƙi yakan ragu kusan kamar na wanda ya ɗan sha barasa, don haka kada wanda ya kwana a majami'a ya ja mota da jama'a a ciki kafin ya runtsa. Masu farfaɗiya kuma a ɗauke musu wannan nauyi gaba ɗaya, saboda rashin barci yana tayar da ciwon. Haka ma masu juna biyu da yara, a sallame su da wuri.

Tambaya: Damuwa ta hana ni barci watanni, ina jin kamar na kasa dogara ga Allah. Na soma shan ƙwayar barci da na saya da kaina.

Amsa: 'Yar'uwa, ki tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna 19, wanda ya gaji har ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, sai daga baya aka zo ga magana. Rashin barci na dare 3 a mako har tsawon wata 3 ciwo ne da ake bincika a asibiti, kuma sau da yawa ciwon damuwa ne ke ƙarƙashinsa. Ƙwayoyi irin su diazepam suna kama jiki, tsayar da su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari, saboda haka ki kai wa likita kwalin ya tsara miki yadda za ki rage. Kafin nan, ki guji kofi da shayi daga tsakar rana, ki rubuta damuwoyinki da yamma ki miƙa su cikin addu'a kafin ki hau gado, in kuma barci ya ƙi zuwa bayan kimanin minti 20, ki tashi ki zauna a haske marar ƙarfi har sai ya zo.

Tambaya: Maigidana yana barcin awa 9 da minshari mai ƙarfi, amma yana gyangyaɗi lokacin wa'azi, har ana ce masa rago.

Amsa: Uwargida, ki saurare shi da dare. Idan numfashinsa yana ɗaukewa sannan ya zabura yana haki, wataƙila maƙogwaronsa ne ke toshewa cikin barci, ciwon da ya fi kama masu ƙiba, yake kuma haddasa hawan jini. Ku je a auna jininsa, a yi masa gwajin barci. Rage ƙiba da na'urar da ke tura iska ta hanci da dare suna magance shi.