Akwatunan Alhaji goma sha biyu

Na ga saƙonka na ƙarfe ɗayan dare. Ban amsa ba, don ni ba mayen waya ba ne irinku, sai da na dawo daga masallaci na karya kumallo tukuna. Ka ce: "Oga, manhajar da na harhaɗa a kwamfutata tana aiki lafiya lau, amma da na kai ta shagon mutumin nan na Wunti sai ta ƙi tashi, ta rubuto GLIBC_2.34 not found. Ita kuma ta Java mai fitar da rahoto, in an kunna ta sai ta yi ta jan ƙafa kafin ta saki jiki. Ko kwamfutarsa ce ta lalace?"

Kwamfutarsa lafiyarta ƙalau, yaro. Kai ne ba ka karanta abin da ta rubuta maka ba. Halinku ke nan 'yan yanzu, da kun ga jan rubutu sai ku kwafa ku watsa a intanet ku naɗe hannu kuna jiran wani ya tauna muku. Ga lamba ƙarara a gabanka, 2.34, amma ko sau ɗaya ba ka tambayi kanka ta mece ce ba.

Kwamfaila yana juya ɗanyen kod ya zama dafaffen fayil, linka kuma ya ɗaure shi da laburaren da ya tarar a gidan da aka yi girkin. Babba a cikin laburaren nan ita ce glibc, wadda kusan kowace manhajar Linux ke dogaro da ita. Kai kana kan Linux ta Ubuntu 22.04, mai glibc 2.35. Mutumin Wunti yana kan 20.04, mai 2.31, na sani don ni na saka masa da hannuna. Abin da aka harhaɗa a tsohuwar glibc yana tafiya a sabuwa, amma na sabuwa ba ya komawa baya. Kuma a 2.34, wadda ta fito a watan Agustan 2021, sun sake lambar ƙofar da kowace manhaja ke shigowa ta cikinta, wato __libc_start_main, shi ya sa ko manhajar da ba ta iya komai ba sai rubuta "sannu" za ta ce sai 2.34. Ka harhaɗa a cikin Docker mai 20.04, wato ka tayar da irin gidansa a cikin kwamfutarka, ko ka haɗa da musl, kishiyar glibc, ka ɗaure komai a cikin fayil ɗin kansa. Yadda ake tayar da Docker ba zan tsaya faɗa ba, in ba ka iya ba ka dawo min da makullin shago. Abu ɗaya: kada shaiɗan ya raya maka ka kwafi fayil ɗin glibc, wato libc.so.6 taka, ka danna a kan tasa. Ranar ko ls mai jero sunayen fayiloli ba za ta amsa maka ba, kuma ni ba zan je ba shi haƙuri ba.

Amma ba wannan ya sa na zauna rubuta maka ba. Tambayarka ta fama min wani tsohon miki.

A 2018 wani Alhaji mai sayar da taki da iri da maganin feshi ya aiko a kira ni. Shaguna goma sha biyu gare shi, daga nan Bauchi har Azare, Misau, Darazo, Ningi da Alkaleri, kuma yaran shago suna ta yi masa ɓera a buhu. Yana son ɗan akwati a kowane shago da zai riƙa rubuta ciniki yana fitar da rasit ko babu netwok. A falonsa muka yi magana, an kawo fura mai sanyi, muka tsaya a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3. Na faɗa na maimaita: Pi 3. Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki, sauran sai an kafa. Da na ce a rubuta, ya yi dariya ya ce, "Haba Injiniya, tsakanina da kai har sai an kawo takarda?" Kunya ta kama ni na yi shiru. Injinan buga rasit ma ni na karɓo bashi da sunana, shi kuma ya ce akwatunan ɗansa da ke Legas zai sayo.

Na rubuta aikin da C++ da SQLite. Ina harhaɗawa a laftof ɗina da kwamfailan arm-linux-gnueabihf-g++ na Ubuntu, in tura wa Pi 3 ɗina ta gwaji. Sati uku ina azabtar da ita, in cire wuta tana tsakiyar rubutu, in cika ta da cinikin bogi, ko gezau. Lokacin ina jin duk jihar nan babu mai ja da ni, kuma har yau ban ga wanda zai yi wannan aikin a sati uku ba.

Ranar kafawa muka fara da Azare. Damina ta ƙarato, manoma sun yi layi har bakin titi. Aka buɗe kwali, sai na ga 'yan alluna sirara da ba su kai tsawon tafin hannu ba. Pi Zero W. Ɗan Alhaji ya duba ya ga Pi 3 dala 35, Zero W dala 10, duk sunansu Raspberry, sai ya sayi mai araha, canjin kuma Allah kaɗai Ya san aljihun da ya shiga. A nan ya kamata in rufe kwali in ce ba wannan muka yi da ku ba. Amma ga Alhaji a tsaye da baƙinsa, ga girman kai, sai na ce, "Ba komai, ai ƙwaƙwalwarsu duk ARM ce." Wannan kalmar ita ta ci babur ɗina.

Na zura memori, Raspbian, wato Linux ta Pi, ta tashi sumul, don ita an gina ta ta hau kowace Pi. Na kira manhajata. Kalma biyu ta rubuto ta mutu: Illegal instruction. Na sake kira, haka. Wani dattijo da ke riƙe da kuɗin taki buhu biyu ya leƙo ya ce, "Ɗan nan, ko a ɗauko littafin da biro?" Aka kwashe da dariya.

Ga abin da ya faru, ka buɗe kunne. Ƙwaƙwalwar Pi Zero ARM1176 ce, ta zuriyar ARMv6, irin wadda ke cikin Pi ta farko ta 2012. Ta Pi 3 kuwa Cortex-A53 ce, tana jin yaren ARMv7 har da na gaba da shi. Debian da Ubuntu suna da abin da suke kira armhf, kuma nasu daga ARMv7 ya fara. Raspbian ma armhf take kiran nata, amma an sake dafa shi don ARMv6. Suna ɗaya, awo biyu, kamar mudu: ka ce "mudu" a Muda Lawal, ka je wata kasuwar ka ce "mudu", ka dawo gida ka auna ka ga ba ɗaya ba ne. Kwamfailana yana ta zuba umarnin da ƙaramar ƙwaƙwalwar ba ta taɓa ji ba. Da na buga uname -m mai faɗin irin ƙwaƙwalwa tun farko, da ta ce min armv6l, magana ta ƙare cikin daƙiƙa biyu.

Daren nan a wani masauki na kwana, ko in ce na zauna. Na ƙara -march=armv6, kwamfaila ya yi ƙorafi a kan Thumb-1, na ƙara -marm, ya harhaɗa, na yi hamdala, na tura, ta sake mutuwa. Sai wajen sha ɗaya na tuna da readelf -A, na duba fayil ɗin, ga shi a rubuce: Tag_CPU_arch: v7. Ashe kod ɗina kawai na sauke zuwa v6. Libgcc da 'yan fayilolin tashi da ke zuwa tare da kwamfailan tun can an dafa su a v7, linka kuma yana cusa su ciki ko ka so ko ka ƙi. Ka wanke shinkafarka tas, amma man da gishirin na gidan wasu ne. Na ce to bari in harhaɗa a kan Zero ɗin kanta. Ƙwaƙwalwa guda, memori 512MB, ga C++. Tana cikin nishi aka kashe janareto ƙarfe goma sha biyu.

Na dawo Bauchi. Kwamfailan da masu Raspberry suka ajiye a lokacin GCC 4.9 ne, ni kuma na rubuta da C++17, bai san shi ba. Dole na zauna na gina nawa da crosstool-NG, na kwafo laburaren da ke kan memorin Zero na mayar da su sysroot, don linka ya ɗaure da ainihin abin da ke can, ba abin da ke laftof ɗina ba. Kwana huɗu, da datar da na saya da kuɗin cefane. Ta tashi, ta buga rasit, har ta fi yadda na zata sauri.

A cikin kwana huɗun nan Alhaji ya gama zaga majalisu da sunana, wai na ci kuɗinsa na kawo masa abin wasan yara. Ya aiko cewa in ba yaronsa kod ɗin a filashi "ya duba ko zai gane matsalar". Ni da nake jin ni ne mai laifi, na bayar, har da bayanin yadda ake harhaɗawa. Da na je da aiki a hannu yana tafiya, sai ya ce ai kasuwar taki ta wuce, ya yi asara, ba ya buƙata kuma. Kashi biyu cikin uku ko sisi. Mai injinan rasit kuwa bai san wannan zance ba, babur na sayar na biya shi, na koma hawa acaɓa zuwa shago ina da 'ya'ya uku.

Bayan shekara wani ƙanen matata ya sayo maganin feshi a Darazo, ya zo yana neman canji a aljihu sai rasit ya faɗo a tabarmata. Na ɗauka. Tsarina ne layi bayan layi, kuma a ƙasa ga addu'ar da na rubuta da kaina don manoma su ji daɗi: "Allah Ya ba da damina mai albarka." Ko waƙafi ba su canza ba. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya ɗaga hannu ya ce "Injiniya!" ni kuma in amsa, don tarbiyya. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Sai maganar Java, wadda ba ciwo ba ce ma balle a nemi magani. Ka taɓa zuwa wajen mai masa da sassafe ka ga zubin farko? Tanda ba ta yi zafi ba, masar tana kamawa, sai an jima hannu ke sakuwa. To javac, kwamfailan Java, ba ya dafa maka kod har ƙarshe, ƙulli yake ba ka, JVM, injin da ke tafiyar da Java, ita ce ke suya a wurin mai saye. Da farko tana karanta umarnin ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga inda ake yawan bi. Inda ya yi zafi sai ta miƙa wa ƙaramin kwamfailanta C1 ya harhaɗa da gaggawa, in an ci gaba da bi sai babban, C2, ya sake shi da kyau. Tun Java 8 ta 2014 haka take yi ba sai ka ce mata ba. Wannan shi ne JIT, wato harhaɗawa ana cikin aiki. In kana son gani da idonka ka sa -XX:+PrintCompilation ka sha kallo. Matsalar mutumin Wunti ita ce duk ɗauke wuta kwamfutar mutuwa take, tandar ta huce, a koma farko. Ka ce ya jona ta a inbata, ko ka sa manhajar ta fitar da rahoton bogi sau da yawa da zarar ta tashi, kafin ya gama shan shayi ta yi zafi. Kuma ka daina auna saurinta a bugun farko kana zuwa min da dogon fuska.

Na san abin da za ka ce, don na ga kana kallon bidiyon GraalVM ranar nan maimakon ka share shago: a dafa ta gaba ɗaya tun daga gida, ta tashi nan take. Ana yi. Amma da ka yi haka ka dawo gidan jiya, fayil ɗin zai sake tambayar wace ƙwaƙwalwa ce, wace glibc ce. Ita kanta JVM dafaffen fayil ce, ka ɗora OpenJDK 11 na Raspbian a kan Pi Zero ka gani, ce maka za ta yi sai ARMv7. Ku da kuke manne laftof da sitika kuna kiran kanku manyan injiniyoyi bayan wata shida, ba wanda ya taɓa tambayar mai aiki ya nuna masa injin kafin ya fara rubutu.

Gobe kafin ka zo ka biya ta Wunti. Ka buga uname -m da ldd --version a kwamfutarsa, ka rubuto min amsar a takarda da biro, ba hoton waya ba. Ka ce masa ragowar kuɗinmu a rubuce nake so, da sa hannunsa. Kuma ka taho min da abin karanta memorina da ka ara tun kafin Sallah.