Injin wankin mota daga Amurka zuwa Tahoua: me za a saya, nawa za a karɓa

Wani ɗan Tahoua da ke ci-rani a Amurka ya aiko da tambaya. Ya ɗan tara abin da ya tara, yana so ya buɗe wa ƙanensa lavaj, wato wurin wankin mota, a gida, ko yaron ya bar maganar tafiya Libiya. Ya ga inji a kanti an rubuta masa 3000 PSI, yana tambaya ko ya saya ya sa a kwantena, ko ya turo kuɗi a saya a Yamai. Yana kuma son sanin nawa za a riƙa karɓa a mota.

Malam, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma ka dakata da sayen injin nan tukuna. A inda kake, aikinsa wankin bangon gida ne da daɓen ƙofar gida, kuɗin ma da faɗin wuri ake yanka shi. A Tahoua, bangon laka in ya sha irin wannan ruwa zubewa zai yi. Abin da zai shigo wa ƙanenka shi ne moton 'yan kabu-kabu, adaidaita, ƙananan motoci, manyan motocin ma'aikatu da ƙungiyoyi, kamyon albasa, sai kafet da darduma in salla ta matso.

Lambobi biyu ne a jikin kowane inji, mutane kuma ɗaya kawai suke dubawa. Ta farko ƙarfin bugun ruwa, PSI a wajenku, bar a wajenmu. Bar ɗaya PSI 14.5 ne, ke nan 3000 PSI ya kama bar 207. Ta biyu yawan ruwan da yake fitarwa a minti, GPM a wajenku, galan ɗaya kuwa lita 3.8 ne. Fentin mota ba ya bukatar fiye da bar 100 zuwa 120. Abin da ke kore jar ƙasa da kumfa da sauri yawan ruwa ne. Inji mai bar 150 da lita 12 zuwa 15 a minti zai sallami mota biyu, mai bar 200 da lita 7 yana nan yana fama da ta farko.

Ga lissafin da zai tsare ka daga ƙaryar kwali. Ka ninka bar da litar minti, ka raba da 600, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da pompon, wato sashen injin da ke tura ruwa da ƙarfi, ke nema. Bar 150 da lita 12 kilowat 3 ne, injin esansi mai doki 6.5, irin Honda GX200 ko kwafinsa na Sin, zai ja shi. Bar 200 da lita 15 kilowat 5 ne, wannan sai babba irin GX390 mai doki 13. Duk wanda ya nuna maka ƙaramin inji ya ce bar 250 da lita 15 yake yi, lissafi ya riga ya ƙaryata shi.

Na lantarki kuwa, kada ka saye shi a Amurka ko kyauta ake rabawa. Wutarku volt 120 ce, 60 Hz, ta NIGELEC 220 ce, 50 Hz. Ko an sa masa taransifoma, motarsa ba za ta juya da gudunta ba, zafi za ta riƙa ɗauka. Kuma kontar gida ta layi ɗaya da ƙyar take ɗaukar abin da ya wuce kilowat 3, babban inji sai an nemi layi uku, tirifaze. Ka haɗa da ɗaukewar kuran a watannin zafi, Maris zuwa Mayu. Shi ya sa ga mai farawa a Tahoua mun fi son na esansi. In daga baya an ƙara na lantarki, a sa masa wayar ƙasa da disjonktar mai kare mutum ta 30 mA, domin yaran a jiƙe suke wuni, ƙafa cikin ruwa.

Zuciyar sana'ar pompo ne, a nan ya kamata kuɗinka ya tafi. Injinan gida, irin ƙananan Kärcher masu lambar K, an yi su ne don mai gida ya wanke motarsa ranar hutu, ba don wuni guda kullum ba. Yawancin masu araha na kantunan Amurka ma haka suke: pomponsu a rufe yake, in ya mutu sai a jefar. Ka nemi wanda ake kira triplex, mai fistan uku na seramik, kai na jan ƙarfe mai ruwan zinari, da tagar duba mai a gefe. Na Italiya, Interpump, Annovi Reverberi, Comet ko Hawk, duk ana kwance su a sake musu robobin da ke hana yoyo da bawul. In da hali, a ɗauki wanda bel ke ja, mai juyi 1450 a minti. Wanda aka manna kai tsaye a jikin inji yana juyi kusan 3400, ya fi saurin cin robobi, kuma ba ya iya zuƙo ruwa daga tanki da kyau.

Abu uku ke kashe pompo, dukansu ta hanyar ruwa suke zuwa. Na farko yashi. Ruwan 'yan garuwa ko na rijiya, kai har na pampo bayan an yi gyaran layi, yana ɗauke da shi, ya goge robobi ya tsaya a bakin bawul. A sa matata a bakin tanki, a wanke ta kowace safiya. Na biyu ƙishirwa: in ruwan da ke shiga bai kai wanda ke fita ba, za a ji pompo yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, tiyo yana tsalle. Maganinsa tanki na lita 1000, a ɗora shi bisa dakali ya fi pompo tsawo, tiyon shiga ya zama gajere mai kauri, inci uku bisa huɗu ko inci guda. Na uku shi ne wanda yara suka fi yi. Yaro ya saki bindigar feshi ya tafi goge gilashi, inji na ci gaba da juyawa. Ruwan da ke ciki yana zagayawa a wuri ɗaya, cikin minti biyu zuwa uku ya yi zafi ya dafa robobi, da yaron ya dawo ya matsa sai ruwan sanyi ya bugi seramik mai zafi ya tsage. A ja tiyon da ke mayar da ruwa daga bawul ɗin sauke ƙarfi, wanda ke juya ruwa in an saki bindiga, ya koma cikin tanki, shi ke nan an huta.

Kan feshi kala-kala ne. Kore, digiri 25, da fari, digiri 40, su ne na jikin mota, a tsaya kamar kamu guda daga fenti. Baƙi na sabulu ne. Ja, digiri 0, yana ɓare fenti yana huda fata, a ɗauke shi daga wurin gaba ɗaya. Ramin kan yana buɗewa da aiki, don haka in ƙarfi ya ragu a fara sauya kai kafin a kira makanike. Moto kuma kada a nufi bodin taya da sarƙa da wayoyi, haka ladiyatar mota, haƙoranta lanƙwashewa suke. Man inji a juye shi bayan awa 20 na farko, sannan kowace awa 100. Na pompo bayan awa 50, sannan wajen kowace 500. In man pompo ya koma fari kamar kunu, ruwa ya shiga, robobi sun tafi. Da hunturu a duba matatar iska kullum.

To a ina za a saya? Ra'ayinmu, a raba. Injin esansi da tanki da tiyo da mashin zuƙe ƙura a saye su a Yamai, ƙanenka ya shiga kasuwar Katako da makaniken da ya yarda da shi, a tayar da inji a gabansu. Irin da masu gyara suka saba da shi, piyes ɗinsa na nan har Ƙonni. Kai kuma ka aiko da abin da ke da wuyar samu mai kyau: pompo, saitin robobi da bawul biyu, bawul ɗin sauke ƙarfi na ajiya, kawunan feshi masu girman da ya dace da pompon, bindiga biyu da kwalbar kumfa. Ka tabbatar sandar pompon ta dace da ta injin, kuma mahaɗan tiyo iri ɗaya ne, don zaren Amurka da na Turai ba kullum suke shiga juna ba. In ka nace sai cikakken inji, a tsiyaye mai da esansi kafin a loda, ka riƙe rasit, domin duwan kuɗin kaya da na jigila take haɗawa ta yanka haraji. Bayan an rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina, ka tambayi mai jigila kwana nawa kafin ku yi ciniki.

Farashi ba kai za ka yanka shi daga nan da dalar Amurka a kai ba. Ƙanenka ya zaga lavaj biyar ko shida na gari ya ji abin da suke karɓa a moto, ƙaramar mota da babba. Sannan ku zauna a waya ku fitar da abin da mota ɗaya ke ci. Ga misali, ku sauya lambobin da naku. Ƙaramin inji yana shan wajen lita ɗaya da rabi a awa, wankin mota ɗaya na minti 15 ke nan kusan lita 0.4, a farashin 499 da aka sa a Yulin 2024 ya kama sefa 200. Ruwa lita 100, bido huɗu, mu ɗauka dala goma-goma, 200. Sabulu da tsumma 100. In kayan duka sun ci 600,000 kuma kuna so su mayar da kansu a shekara biyu, mota goma a rana kwana 300 a shekara, kowace mota 100 ce. Mai da piyes 100, hayar wuri da haraji mu ce 120, kason yaron da ya wanke 350. Jimla 1,170. Wanda ya karɓi jika guda, wato sefa 1,000, a wannan lissafi yana cin injinsa ne bai sani ba, zai gane ranar da pompo ya tsaya babu kuɗin sabo. A jika da rabi, 330 ke saura.

In maƙwabta jika guda suke karɓa, kada a shiga tseren ragi da su. A nemi kontar ruwa daga NDE, wadda ta gaji SEEN, ruwan layi ya fi na bido sauƙi nesa ba kusa ba. A raba aiki: wankin waje kuɗinsa daban, zuƙe ƙurar ciki daban, wankin inji da ƙarƙashi daban, kafet a auna da mita. Kamyo a yi ciniki bayan an gan shi, wanda ya sauke shanu ba ɗaya yake da wanda ya sauke siminti ba. Ma'aikatu da ƙungiyoyi da ke biya a wata su ne ke riƙe wuri lokacin da kasuwa ta kwanta, su kuma sai da faktir, takardar neman biya, faktir kuwa sai da lambar NIF daga ofishin haraji da rajistar kasuwanci, RCCM. A nemi izinin ofishin magajin gari kan wurin, a haƙa ramin tare yashi da na shanye ruwa tun kafin buɗewa. Ruwan sabulu da ke kwarara ƙofar maƙwabci shi ke kawo ma'aikatan tsafta.

Saura maganar gida. Ku rubuta a takarda, gaban shaidu biyu, cewa kayan naka ne ko kyauta ka ba shi, da kason kowa. In da sunanka za a yi rajista, sai ka aika masa takardar wakilci da ofishin jakadancin Nijar ya buga wa hatimi. A rubuta farashi a allo a bakin ƙofa, don in kawu ya kawo motarsa allon ya yi magana a madadin yaron. Kuɗin inji da na piyes, sefa 200 ɗin nan na kowace mota, a ware su kowace yamma, a kai su kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana, ranar da kuka tsayar a mako, kada su kwana a aljihun cefane. Kowace Juma'a ya ɗauki hoton shafin littafin ya turo maka ta WhatsApp: mota nawa, moto nawa, lita nawa aka zuba, da ranar da aka juye mai.