Baƙin dutse ko allurar maganin dafi: wanne manomi zai saya?

Tambaya: Ni manomi ne a kudancin jihar Gombe, kuma da wuya damina ta wuce kububuwa ba ta sari wani a ƙauyenmu ba. Ana sayar da baƙin dutse a kasuwa, wasu kuma sun ce in sayi allurar maganin dafi a kyamis in ajiye a gida. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, kada ka sa kuɗinka a ko ɗaya. Baƙin dutse manne wa fata kawai yake yi, ba ya zuƙo dafin da ya riga ya shiga jiki, kuma babbar illarsa ita ce zaunar da mutane a gida suna jira. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum zai iya wuni kamar lafiyarsa ƙalau kafin jini ya fara fitowa ta dasashi ko cikin fitsari.

Allurar ita ce magani na gaskiya, amma ba ta gida ba ce. Ta jijiya ake sa ta, kuma takan tayar wa wasu da jiki har numfashi ya yi wuya, don haka sai a gaban ma'aikacin lafiya. Sannan ba kowace ce ta dace da mu ba, domin wadda aka haɗa saboda macizan Indiya ba ta cin dafin kububuwarmu yadda ake so. Allurar da ake kira EchiTAb-Plus, wadda ake haɗawa a Kosta Rika, an yi ta ne domin kububuwa da kasa da kumurci. Tunda asibitin masu sarar maciji na Kaltungo yana kusa da ku, can ya kamata a nufa.

Abin da nake so ka saya shi ne dogon takalmin roba na shiga gona, da tocila, da gidan sauro idan a ƙasa kuke kwana. Ragowar kuɗin ka ajiye na mota.

Idan tsautsayi ya auku, a cire zobe da duk abin da ke matse wurin, a ɗora kara ko katako don kada gaɓar ta motsa, a ɗauki mutumin kada ya taka da ƙafarsa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. Farasitamol kaɗai za a ba shi don ciwo, ban da asfirin, domin yana ƙara zubar jini.