Tambaya da Amsa: Kwance Notocin Mahaɗar Bututu da Na'urar Haidurolik

Tambaya: Malam, ina koyon aikin bututun mai da iskar gas a Kaduna. Na iya ɗaure notocin mahaɗar bututu, wato filanji, da na'urar haidurolik mai jan bol, amma maigidana ya ce kwancewa ta fi ɗaurewa haɗari. Ta yaya ake yinta lafiya?

Amsa: Maigidanka ya faɗi gaskiya. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, wajibi ne a rufe bawul, a sa masa kwaɗo, a zuƙe abin da ke cikin bututun, sannan ka duba geji da idonka ka ga matsi ya sauka, domin a wannan aiki "an ce an rufe" ba hujja ba ce.

Na'urar nan ba ta murɗa noti. Jan bol ɗin take yi har ya ɗan miƙe, notin ya saki, sai a juya shi da ɗan sandan ƙarfe. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: idan ka ɗaura kan na'urar a haƙoran bol har ya zauna daram, sai ka mayar da shi baya gwargwadon yadda littafin na'urar ya nuna, yawanci kusan zagaye ɗaya. In ba haka ba, da zarar ka sauke matsi bol zai koma tsayinsa na asali, ya danne na'urar ta maƙale. Ka riƙa ƙara matsin sannu a hankali har notin ya motsa, kada ka wuce iyakar da aka rubuta a jikinta, wadda a yawancin irin waɗannan na'urori 1,500 ce a ma'aunin matsi da ake kira "bar". Idan tsatsa ta kama noti, a zuba man sassauta tsatsa ko a fasa shi da abin fasa noti, maimakon a tilasta wa famfon na'urar.

Ka fara da notocin da suke can ɗaya ɓangaren, nesa da kai, ta yadda idan akwai ragowar mai ko gas zai fita ta can. Kada a cire notoci duka sai an buɗa mahaɗar kaɗan an ga ba abin da ke tsartuwa. Ka sani kuma nauyi yana taruwa a kan notocin ƙarshe, shi ya sa ake sassautawa kaɗan-kaɗan, wannan da wanda ke fuskantarsa.

Kada kowa ya tsaya saitin bol yayin da matsi ke sama, kuma kada a laluba tiyo da hannu don neman yoyo. Man da ya tsarto ta ƙaramin huji yana iya huda fata, kuma wanda hakan ya same shi a garzaya da shi asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.