Kyamarata tana rage gudu idan ina ɗaukar hotuna a jere, ko shatarta ce ta mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kyamarata an rubuta cewa tana ɗaukar hoto 10 a sakan ɗaya, amma idan na danne maɓalli ina bin 'yan wasa suna gudu, sai ta fara da sauri, bayan sakan uku ko huɗu ta koma ɗaya-ɗaya, wani lokaci ma ta ƙi ɗauka, wata 'yar jar fitila tana ta ƙiftawa. Mai gyara ya ce shata ce ta gaji, wato labulen nan da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, sai an canza ta. Abokin aikina kuma ya ce in riƙa zare batir in mayar idan ta maƙale. Na yi haka sau biyu, hotuna da dama suka ɓace. Hankalina a tashe yake, domin da ita nake sana'a.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, domin abin da ka bayyana bai yi kama da lalacewar shata ba. Shatar da ta fara mutuwa takan bar baƙin layi ko rabin duhu a jikin hoto, ko kyamara ta nuna saƙon kuskure, amma ba ta yin sakan uku cikin ƙoshin lafiya sannan ta gaji. Duk wanda ya ce a buɗe kyamara bai ko tambaye ka irin katin ajiyar hotuna da ke cikinta ba, ka karɓi kayarka ka yi gaba.

Abin da ke faruwa shi ne ma'ajiyar wucin gadi ta kyamarar, wadda muke kira bafa, tana cika. Mu ƙaddara kowane hoton RAW naka, wato ɗanyen fayil mai nauyi da kyamara ba ta sarrafa ba, megabayit 25 ne. Hoto 10 a sakan yana nufin megabayit 250 ke kwarara kowane sakan, alhali katin da ke ɗauke da alamar V30 abin da ya lamunce maka shi ne rubuta megabayit 30 kacal a sakan. Hoto 40, wato na sakan huɗu, sun kai megabayit 1,000, kuma irin wannan kati zai iya shafe fiye da sakan 30 kafin ya kwashe su. Lambar nan babba da ake bugawa a fuskar kati galibi saurin karantawa ce, ba na rubutawa ba, don haka ka duba alamar V60 ko V90, masu lamunce rubuta megabayit 60 ko 90 a sakan. Ka kuma tabbata ramin katin kyamararka yana karɓar kati nau'in UHS-II, mai jeri biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa, domin idan ramin UHS-I ne, ko ka sa masa kati mafi sauri ba zai wuce iyakarsa ba. Idan kana rubuta hoto a kati biyu lokaci guda, wanda ya fi nauyin jiki shi ke jan ragama.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wato shawarar abokin aikinka, wadda kusan kullum sai na ji wani ya bi ta ya dawo yana da-na-sani. Kyamarar da jar fitilarta ke ƙiftawa ba ta maƙale ba, aiki take yi. Hotunan da ka ɗauka a wannan lokaci suna zaune ne a bafa, ita kuwa bafa ba ta riƙe komai idan wuta ta yanke, ko na ƙiftawar ido ne. Da ka zare batir, duk abin da bai riga ya sauka a kati ba ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, domin tun farko bai taɓa zama a katin ba. Wannan ma asara ce mai sauƙi. Babbar ita ce idan wutar ta yanke daidai lokacin da kyamara take sabunta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake a cikin katin, sai ka sa shi a kwamfuta ta ce maka sai an yi masa fomatin, wato an share shi baki ɗaya, aikin yini guda ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Abin da ke rura wannan jita-jita shi ne idan aka mayar da batir kyamara takan farka garau, sai mai ita ya ɗauka dabararsa ce ta yi aiki, bai san cewa ta samu sarari ba ne saboda an zubar da kayan da take ɗauke da su. Haka zare katin kansa, haka buɗe murfinsa, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Kowane littafin kyamara da na taɓa buɗewa yana da gargaɗi a kan wannan fitila, amma mutane sun fi yarda da maganar da suka ji a bakin wani fiye da takardar da ta zo a cikin kwali. Idan fitilar tana ƙiftawa, ka sauke hannunka ka jira ta mutu da kanta.

Ga gwajin da zai raba maka gardama. Ka kwashe abin da ya rage a katin zuwa kwamfuta, ka yi masa fomatin a cikin kyamarar, ka sa cikakken batir, ka fita wuri mai haske, ka mayar da fokas na hannu, saurin shata 1/1000 na sakan, ka zaɓi JPEG kawai, wato ƙaramin fayil marar nauyi, sannan ka danne maɓalli. Idan ta daɗe tana gudu ba ta yi sanyi ba, to kati da nauyin fayil ne matsalarka. Ka bar haɗa RAW da JPEG idan ba dole, ka koma RAW mai matsi, kuma ka koyi ɗauka a gajerun zango na sakan ɗaya ko biyu maimakon danne maɓalli har ƙarshen wasa. Idan kana shakkar katin jabu ne, manhajar H2testw za ta nuna maka ainihin girmansa da saurin rubutunsa.

Idan kuwa tun daga hoton farko take tafiyar hawainiya, sai a koma kan saiti. Shata mai 1/8 ba za ta taɓa ba ka hoto 10 a sakan ba, lissafi ne kawai. A yanayin AF-C ko AI Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, idan an fifita fokas a kan ɗauka, kyamara takan dakata har ta kama abin da take bi, musamman a wuri mai duhu. Saitin kauce wa ƙyalƙyalin fitilun lantarki, da filasha mai jiran caji, da batir mai rauni ko wanda ba na kamfanin ba, duk suna cin gudu. Nikon D300 takan faɗo daga hoto 6 zuwa biyu da rabi a sakan idan aka zaɓi RAW mai bit 14, wanda ya fi ɗaukar bayanan launi, ita kuwa D850 ba ta hawa daga 7 zuwa 9 sai an ɗaura mata mariƙin MB-D18 da babban batir. Ka buɗe littafin taka ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin lambar 10 ɗin nan, a can kamfanin ya jera sharuɗɗan da ya auna ta da su.