Na rantse, na sa hannu, sun riƙe takarduna: ina da mafita?

Tambaya: Barista, ina gaisuwa. Wata huɗu ke nan da na fara aikin talla a wani kamfani a Kano. Makonnin farko horo suka kira su: kullum da sassafe a taru a yi waƙar kamfani, wanda bai kawo ciniki ba a tsayar da shi gaban mutane. An ce mana kamfanin ne danginmu yanzu, duk wanda ya ce ka bari maƙiyin cigabanka ne, ko da mahaifinka ne. Sun karɓi ainihin takardar difilomata, na dafa Alƙur'ani na rantse zan yi shekara biyu, na sa hannu cewa in na fita zan biya naira 500,000. Albashin ma yanke shi ake yi da sunan tara. Oga ya ce in na tafi 'yan sanda za su kama ni da yayana da ya tsaya mini. Na san na riga na ɗaure kaina. Amma zan iya kai su kotu su biya ni diyyar wulaƙanci?

Amsa: Ƙanena, duk abin da zan faɗa ya dogara ne da labarin da ka bayar, kuma ainihin kalmomin takardar da ka sa wa hannu na iya sauya wasu abubuwa. To amma ina ganin ka juya lissafin. Inda kake jin an ɗaure ka, a nan kake da ƙarfi. Inda kake hangen diyya kuwa, a nan ƙafarka ba ta taka ƙasa sosai ba.

Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana aikin tilas, sashe na 73 na Dokar Ƙwadago kuma ya mayar da shi laifi. Saboda haka, a ƙa'ida, kotu ba ta tilasta wa mutum ya ci gaba da yi wa wani aiki. Iyakar abin da takardarka za ta iya jawo maka, in ma ta jawo, kuɗi ne. Mutum bai zama kayan kamfani don ya sa hannu ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ba wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba damar barin aiki da sanarwar mako ɗaya a rubuce, ko ya biya kuɗin makon a madadinta. In takardarka ta sa wa'adin sanarwa da ya fi haka, shawarata ka bi na takardar, don ka toshe musu wata ƙofa.

Batun naira 500,000 shi ya fi buƙatar natsuwa, domin kada wani ya ce maka irin wannan alƙawari banza ne a idon shari'a. Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ta sha amincewa da shi inda kamfani ya kashe kuɗi na gaske wajen horar da ma'aikaci, kamar yadda kamfanonin jiragen sama ke yi wa matuƙa. Abin da takan duba shi ne: nawa aka kashe a kanka da hujja, wa'adin ya yi daidai da hankali, kuma adadin ramuwar asara ce ko kuwa bulala ce kawai ta tsoratarwa? Makonnin waƙa da tafi a harabar ofis, da wuya in ga yadda za a fito da rasit ɗin rabin miliyan a kansu. Sai dai in an tura ka wani kwas da ba ka ambata ba. In haka ne, mai yiwuwa a nemi ka biya wani kaso.

Rantsuwar kuwa ba ta ƙara wa takardar nauyi ko na ƙwayar gero a kotun ƙwadago. Tsakaninka da Ubangijinka ce, kuma malamai za ka tambaya game da kaffara da hukuncin rantsuwar da aka karɓa ta matsi. Abin da zan ce kawai: kamfanin da ke biyan ma'aikatansa yadda ya kamata ba ya buƙatar a dafa masa Alƙur'ani.

Barazanar 'yan sanda ma haka. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Yayanka, in akwai abin da ke kansa, na kuɗi ne, gwargwadon abin da ya sa wa hannu. Amma fa ka kula. Ta ƙofar zargin cin amana a kundin dokokin manyan laifuka, wato Final Kod, ake shigar da irin wannan rigima caji ofis. In akwai kayan kamfani ko kuɗin ciniki a hannunka, ko kwali ɗaya ne, ka mayar a gaban shaida, a rubuta maka an karɓa, kafin ka miƙa takardar barin aiki.

Yanzu diyyar. Kowace ma'aikata tana da hanyar saje sabon ma'aikaci da ita: kayan sawa iri ɗaya, taron safe, kirari, har da maganar "mu dangi ne". Doka ba ta hana ko ɗaya ba, komai gundurarsa. Ko zugar da aka yi maka a kan mahaifinka, mummuna ce, amma da wuya ta zama dalilin ƙara ita kaɗai. Tsayar da mutum ana muzanta shi gaban abokan aiki zai iya shiga cin mutunci, sai dai hujja ake so, kuma shaidunka duk suna cin abinci a hannun wanda za ka kai ƙara. Inda lamarin ke sauya fuska shi ne in an kai ga kulle mutane a gida, ko ƙwace wayoyi, ko hana su fita. Wannan ya wuce rigimar aiki, ya shiga hurumin 'yan sanda da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Ba ka ce an yi maka haka ba, don haka kada ka ƙara gishiri a ƙorafinka.

Abubuwa biyu ne kake da su a hannu. Takardar difilomarka mallakarka ce, kuma ban ga hujjar riƙe ta bayan ka nema a rubuce ba. Sai tarar: sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana yanke albashi da sunan tara, in ban da asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko sakaci, ita ma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Ka shirya, za su ce kai wakili ne mai cin kamasho, ba ma'aikaci ba. Kotu takan duba zahiri, wa ke sa maka lokacin zuwa, wa ke hukunta ka, fiye da sunan da aka raɗa maka, amma gardama ce da za ta ci lokaci.

Shi ya sa ba zan ce ka fara da kotu ba. Ka ɗauki hoton duk takardar da kake da ita da saƙonnin barazanar, ka rubuta sanarwar barin aiki, ka riƙe kwafi. Lauya ya rubuta musu wasiƙar neman takardarka da kuɗin da aka yanke cikin kwana bakwai. In sun yi kunnen ƙashi, ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano a zauna sulhu. Kotun Ƙwadago ma tana da reshe a Kano da cibiyar sasanci tata. Sulhun da zan amince maka da shi shi ne a ba ka takardarka, a soke maganar naira 500,000 a rubuce, a sauke yayanka daga tsayuwar da ya yi. In sai ka yafe wani ɓangare na tarar kafin a samu haka, ni zan ce ka yafe. Ranar zaman ka je da yayan naka ko lauya, kuma kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda sai an karanta maka ita a waje.