Ƙwaron Cikin Masara: Ka Fara Duba Ƙafar Baya

Ɗana, na ga kwalbar da ka ajiye mini tare da tambayarka. Ka ce daga cikin ganyen masarar da bai gama buɗewa ba ka kakkaɓo ƙwarin nan, a wata gona ta bakin fadama, kuma da yake launinsu ruwan ƙasa ne kana zaton su ne Nilaparvata lugens, mai ƙone gonakin shinkafa a Asiya, har kana neman izinin rubuta sunan a littafi. Dakata tukuna. Launi ba ya yanke hukunci a aikinmu, domin ƙwarin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba masu wannan launi suna da yawa, ga shi kuma launin yana sauyawa idan suka daɗe a cikin sifirit.

Ka ɗora guda ɗaya ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ka kwantar da shi a gefensa, ka miƙe ƙafar baya da tsinin allura. A ƙarshen ƙwaurin, daidai inda ya haɗu da tafin ƙafa, za ka ga wani babban ƙaimi kamar na zakara, mai faɗi, da ƙananan haƙora jere a bakinsa. Taɓa shi a hankali, za ka ga yana motsi. Wannan ƙaimi shi ne tambarin dangin Delphacidae, babu wani dangi cikin irin waɗannan ƙwari da yake da shi. Da a ce layukan ƙayoyi ka gani jere tun daga saman ƙwaurin har ƙasa, to da dangin Cicadellidae ke hannunka, inda Cicadulina yake, mai ɗigo biyu baƙaƙe a goshi, wanda ke yaɗa cutar da ke zana fararen layuka a ganyen masara a Afirka. Sannan ka dubi ƙahon: na dangin Delphacidae a ƙarƙashin ido yake fitowa, gindinsa mai kauri, ƙarshensa siriri kamar gashi.

Da na duba naka, Peregrinus maidis na gani, wanda masanin ƙwari Ashmead ya fara bayyanawa a 1890. Akwai layi mai haske da ya taso daga tsakar ka ya bi ta gadon baya, fukafukan kuma garau suke, sai wajen ƙarshensu ne ke da zane mai duhu. Waɗancan masu guntun fiffike da ka ware gefe a matsayin 'ya'ya, ka mayar da su cikin lissafi, domin manya ne. Jinsin yana da siffa biyu: mai dogon fiffike da ke tashi neman sabuwar gona, da mai guntu da ke zama ya hayayyafa inda abinci ya wadata.

Wurin da ka same su ma shaida ne. Nilaparvata lugens a gindin shinkafa yake zama, dab da ruwa, kuma mazauninsa Indiya ne da Sin da Indonesiya da Filifin da maƙwabtansu. Shi kuwa namu, Peregrinus maidis, ya bazu a ƙasashe masu zafi na duniya, yana cunkushe cikin sabon ganyen masara da dawa, yana tsotsar ruwan tsiron, yana zubar da darɓa mai danƙo wadda tururuwa ke bi, daga baya ganyen ya yi baƙi. Idan har kana shakka, ka dubi gaɓar farko ta tafin ƙafar baya, domin Nilaparvata yana da 'yan ƙayoyi a gefenta.

Duk da haka ban yarda a rufe magana ba sai an ga namiji. Ana yanke ƙarshen cikinsa, a jiƙa a ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari har naman ya narke, sannan a gwada siffar gaɓoɓin barbararsa da zanen da masana suka yi. Na kwalbarka kusan duk mata ne. Gobe da sassafe ka koma gonar ka samo maza, sun fi matan ƙanƙanta, ka zuba su a sifirit mai kashi 70, ka rubuta wuri da rana da sunan shukar da fensir a 'yar takarda, ka jefa ta cikin kwalbar.